Yadda Aka Yi Mini Shari'a Kan Jan Zakara

Ni karatuna aji uku ne. A shekara ta huɗu mushe, wato malaminmu, ya aike ni in ɗebo masa ruwa, har yau ban koma ba. Saboda haka da ƴata ta dawo daga Damagaram da jaka cike da takardu, ta ce ta faɗi jarrabawa, ban yi mata faɗa ba. Da wane baki?

Ita ce ƴar farina. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Karatun shari'a take yi a jami'a. Bara ta riga ta maimaita aji, bana kuma fanni guda ya kayar da ita. Sun ba ta dama ta biyu bayan sati uku, abin da suke kira ratarapaj. In ta ci ta wuce. In ta sake faɗuwa an sallame ta ke nan, ta dawo Gure ta taya uwarta tsinkar zogale. A tsaye ta faɗa mana wannan, ba kuka, sannan ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo.

Sati guda cur tana kai da komo a tsakar gida da kaye, littafin rubutunta, a hannu, tana hadda da Faransanci, kaji na bin ta a baya suna zaton hatsi za ta watsa. In na dawo daga lambuna na kwari da rana, a gajiye, nan nake samunta. Ta rame. Ran nan na ajiye fartanya na ce ta gaya mini, da Hausa, me ke cikin takardar nan da ya hana ta cin abinci.

Ta ce juri ne. Wai in laifi ya yi girma, kamar kisan kai, akwai tsarin da alƙali ba ya zama shi kaɗai. Ana jefa ƙuri'a a zaɓo mutanen gari, waɗanda ba su karanta doka ba, su zauna tare da shi su saurara, sannan su keɓe su ce mutum ya aikata ko bai aikata ba. Wata ƙasa goma sha biyu, wata ƙasa ba su kai haka ba. Na ce har da irina? Ta ce har da irina, in dai na iya karatu da rubutu kuma ban taɓa kwana a kaso ba. Na ce to duniya ta ƙare.

Duk wannan ta haddace shi tsaf. Matsalar ita ce ba hadda ake tambaya ba. Dogon rubutu ne, disertasiyo, kuma yana da gini nasa: dole ka raba maganarka biyu, kowane rabi ka sake raba shi biyu, kamar gida mai ɗaki biyu, kowane ɗaki da gado biyu. Ta nuna mini takardarta ta farko. Jan bik, wato biro, ko'ina. Ta ce abin da malamin ya rubuta a sama yana nufin ta kwaso kayan ɗaki ta jibge a fili, ba ta gina gida ba. Tambayar kuma da yake so kullum ita ce, shin talaka zai iya yanke hukuncin gaskiya? Ita kuwa ba ta da ra'ayi, don ba ta taɓa ganin an yi ba.

Ni na jawo wa kaina. Na ce abin da ba a gani ba ai sai a yi shi a gani. Mu tara mutane a nan gidan, mu yi juri, ni zan zama mai laifi. Na ce a ƙaga cewa na saci raƙumi.

Uwarta tana bakin murhu. Ba ta ko juyo ba.

"Raƙumin wa? Ba mu da raƙumi. A yi ta jan zakarana."

Sai in yi bayanin zakaran nan. Tun yana ɗan tsako ta zo da shi daga gidan uwarta a Kelle, ta raine shi har ya kai gwiwata. Kowa a gidan yana zaune lafiya da shi ban da ni. In na tsuguna alwala sai ya zagayo ta baya ya sare ni a dunduniya. In na kwanta hutun rana sai ya hau taga ya yi cara a kaina. Sau biyu yana kifar mini da shayi. Bara, da ta tafi biki Kelle ta kwana uku, ta dawo babu shi. Na ce muzuru ne. Ta dube ni, ta ce Allah ya isa tsakaninta da muzuru, ba ta sake tada maganar ba.

Gaskiyar ita ce a buhu na sa shi na kai shi kwari. Abokina mahauci ya yanka, abokina tela ya hura wuta, mu uku muka cinye shi a inuwar dabino. Wannan shi ne muzurun.

Na so in ce a'a. Amma in na ce a'a me zai nuna? Na ce to, zakara ko raƙumi duk wasa ne.

Aka sa ranar Lahadi bayan azahar, don majo, babban nas na gidan likita, ya samu zuwa. Uwata ta rubuta sunayen mutanen unguwa a ƴan takardu ta zuba a ƙwarya. Ta ce mutum biyar sun ishe mu, amma duk mai dangantaka da ni ko da uwarta ba zai zauna ba. Nan aka fara wahala. Na farko da ya fito ɗan ƙanwar kakata ne. Na biyu ya auri ƴar baffan matata. Na uku ba mu haɗa komai ba, har an ba shi tabarma, sai wata tsohuwa ta tuna cewa uwarsa ta shayar da ni wata biyu lokacin da tawa uwar ta yi ciwon nono. Aka tashe shi, ya tafi yana gunaguni, ya ce shekara hamsin ban taɓa kiransa ɗan'uwa ba sai yau da za a sha shayi. Muka jefa ƙuri'a har ƙwarya ta kusa ƙarewa. A Gure in ka cire dangi, abin da ya rage sai ma'aikatan gwamnati da jakuna.

Daga ƙarshe biyar suka tsaya. Majo, mutumin yamma ne da aka turo nan aiki, ba shi da kowa. Tsohuwa mai ƙosai ta bakin hanya. Wani Bafillace dillalin shanu, wanda abokin wasana ne tunda ni Babarbare ne ta wajen uba. Sai kuma, da ikon Allah, mahauci da tela.

Da sunan tela ya fito bayan na mahauci sai da na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana. Uwata ta tambaya ko akwai dangantaka tsakaninmu. Babu, ko ta nono. Ta ce ina da ikon in ƙi wani daga cikinsu ba tare da na faɗi dalili ba. Na ce ni mutum ne mai yarda da kowa. Ta tambayi uwarta ko za ta ƙi wani. Ta ce a bar su duka, musamman waɗancan biyun. Ya kamata a ce na ji wannan maganar da kyau. Ban ji ba, ina murna.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, wato dogon yaro. Uwata ta zauna a kujerar roba, ita ce alƙali, ta yafa baƙin mayafin uwarta a kafaɗa, ga kaye a cinya. Ni aka ɗora ni a kan turmi a kife. Mata sun cika bakin ƙofa, wasu a kan katanga.

Kafin ta buɗe baki tela ya ɗaga hannuwa. Ya ce jama'a, miji da mata ne, abin da ya wuce ya wuce, kowa ya yi haƙuri, a shafa fatiha. Wallahi aka shafa. Har da majo. Mutane suka fara neman takalmansu. Uwata ta buga ludayi a kan kwano ta ce kowa ya koma ya zauna, ba sulhu aka zo yi ba. Mai ƙosai ta ce to in ba sulhu ba me ya tara mu? Uwata ta ce gaskiya ake nema. Tsohuwar ta ce a gidan aure? Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta zauna, kamar wadda aka gayyata ta ga an kama kura da hannu.

Bafillace bai ma jira a karanta laifi ba. Ya nuna ni da sandarsa ya ce bawansa ne, ya san halinsa, Babarbare ko ƙwai ya gani a ƙarƙashin kaza sai ya yi masa sallama ya ɗauke. A ɗaure shi kawai a kawo shayi. Na ce wanda ke sayar da tsohuwar saniya a ce karsana ce ba shi da bakin magana. Uwata ta ce ɗan juri ba ya nuna ra'ayinsa kafin a gama. Ya ce wannan ba ra'ayi ba ne, gado ne, kakansa ma haka ya gaya wa kakana.

Sai mai ƙosai ta kawo tata shawarar. Ta ce a daina ɓata lokaci, a ɗauko Alƙur'ani, maigida ya yi alwala ya dafa, kowa ya tafi harkarsa. Na ji turmin ya yi sanyi a ƙarƙashina. Uwata ta duba kayenta ta ce a'a, a wannan tsarin ƴan juri ne ke rantsuwa, da shaidu. Wanda ake tuhuma ba a rantsar da shi. Ban taɓa son dokar nasara kamar wannan lokacin ba. Na ce a zuciyata, ashe karatun yarinyar nan yana da amfani.

Aka ba uwarta magana. Na zaci za ta yi hayaniya, in ce kun gani, mace ce. Ba ta yi ba. Ta shiga madafa ta fito da ƙaramar tukunya ta ajiye a gaban ƴan juri. Ta ce ranar da ta tafi Kelle tukunyar nan tana rataye a wanke. Da ta dawo gindinta ya yi baƙi da hayaƙin kaba, ita kuwa ba ta girki da kaba, a kwari ake ƙona ta. Ta ce man gyaɗarta ya sauka da yatsa uku. Yajinta na daddawa, wanda take ɓoyewa a bayan randa, an taɓa shi an mayar da murfin a karkace. Kuma ta share gidan nan lungu-lungu ba ta ga gashin zakara ko ɗaya ba. Ta koma ta zauna.

Majo ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi baƙo ne, bai san dabbobin ƙasar nan ba, yana so a ilmantar da shi. A garinsu muzuru ɗanye yake ci. Na nan yana soyawa ne?

Mata suka fashe da dariya a kan katanga. Ni ban yi ba.

Abokaina suka taso ceto, kuma da sun yi shiru da ya fi mini. Mahauci ya ce shi da idonsa ya ga muzurun a wannan satin, baƙi wuluk, girmansa ya kai ɗan akuya. Tela ya ce ƙwarai, shi ma ya gan shi, mai zane-zane ne fari da toka, da guntun wutsiya. Suka dubi juna. Mahauci ya ce wataƙila biyu ne, mata da miji. Uwata ta tuna musu cewa su ƴan juri ne, ba shaidu ba, sannan ta tambaya a hankali me ya kawo su unguwarmu a satin, tunda ɗaya yana bayan kasuwa ɗaya yana wajen tasha. Tela ya ce zumunci. Matata ta ce zumunci da wa, ita tana Kelle?

A nan ne na yi niyyar tashi. Gidana ne. Turmina ne. In na miƙe na ce wasa ya ƙare, la'asar ta kusa, ba wanda zai hana ni, kuma zancen muzuru zai ci gaba da rayuwa ko da yana ɗingishi. Har na dafa gwiwa.

Sai na dubi Uwata. Rubutu take yi. Ba irin na kwanakin baya ba, da take rubuta layi ɗaya ta soke biyu. Bik ɗin gudu yake, ta cika shafi ta juya, tana duban tela tana duban majo tana komawa kan kaye, harshenta a gefen baki kamar lokacin da take ƴar aji ɗaya. Tun da ta dawo ban ga fuskarta haka ba.

Na saki gwiwar. Na gyara zama a kan turmi, na ce a ci gaba.

Ta ba ni magana ta ƙarshe, don wai mai laifi shi ke rufewa. Na ce ni dai abin da na sani shi ne zakaran nan ba shi da tarbiyya. Na nuna musu tabon dunduniyata. Ban ce na ci ba, ban ce ban ci ba.

Suka shiga zaure su biyar da alƙali, aka saki labule. Zaurenmu ba ya riƙe magana, duk abin da aka faɗa muna ji. Uwata ta fara zagayawa da baki, kowa ya faɗi abin da ya gani. Tela ya ce muzuru. Mahauci ya ce muzuru biyu. Mai ƙosai ta ce ita ba za ta raba aure a kan kaza ba, muzuru. Majo ya ce shi baƙo ne, kuma matar gidan nan da maigidan duk suna zuwa awo wajensa, abin da jama'a suka ce shi ne. Wanda ya ba ni mamaki Bafillace ne. Da ya ga abin ya tashi daga wasa, sai ya juya. Ya ce shi kaɗai ke da ikon zagin bawansa, ba zai bari a kunyata shi a gaban mata ba, muzuru ne, shi ma in an matsa ya gan shi.

Na dubi matata, muna zaune mu biyu a gindin bedi, tana tsince wake a faifai. Na ɗan yi tari irin na wanda ya ci nasara.

"Ya yi taushi dai?" ta ce, ba ta ɗago ba.

Na waiwaya wajen labulen zaure.

"Tun ranar na sani, Malam. Tukunya na duba kafin in ajiye jakata."

Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba shekara guda? Ta ce ajiye shi ta yi, ta san zai yi amfani wata rana. Yarinya ba za ta koyi komai da raƙumin ƙarya ba.

Na ce mata naman da tauri. Tukunya biyu ta ruwa ya sha bai nuna ba. Ta ce ta sani, da na tambaye ta da ta ce in sa kanwa.

A cikin zaure kuwa Uwata ta ce magana ta ƙare, yanzu sai ƙuri'ar ɓoye, haka doka ta ce. Ta fito ta ɗebi wake biyar a faifan uwarta, ta tsinci ƙwallon dabino biyar a ƙasa. Kowa ta ba shi ɗaya-ɗaya. Wake bai aikata ba, ƙwallo ya aikata. Ta rufe ƙwarya da mayafi, kowa ya sa hannu a ƙarƙashi ya saki abin da zuciyarsa ta yarda da shi, ragowar ya jefa a wata ƙwaryar, ita ma a rufe. Ba mai ganin hannun wani.

Suka fito suka zauna. Ba wanda ya dube ni. Ta yaye mayafin ta juye ƙwaryar a kan tabarma a gaban kowa.

Ƙwallon dabino biyar. Wake ko ɗaya babu.

Na ƙirga da kaina, har na ɗaga ƙwaryar na leƙa ko wani wake ya maƙale. Mutum biyar da na ji da kunnena suna cewa muzuru. Biyu daga cikinsu ma har yau ina jin suna da naman a tsakanin haƙora.

Hukunci Bafillace ya kawo shi, sauran suka amince. Zakaran ya bar ɗa, ja kamarsa. Aka ce kullum da safe, kafin in tafi kwari, ni zan ba shi hatsi da hannuna, a tsugune, har tsawon ransa, kuma ba ni da ikon kusantar ƙarshen ran nasa. Aka shafa fatiha ta biyu, aka kawo shayi.

Da za su tafi, tela ya ja ni gefe ya ce in sani, shi wake ya saka. Mahauci ya same ni a bakin masallaci ya ce shi ma wake, bai san yadda aka yi ba. Washegari mai ƙosai ta ƙara mini biyu a kan na kullum, ta ce ita dai hannunta ya san abin da ya saki, wake ne. Bafillace ya aiko a gaya mini haka. Majo kaɗai ne bai ce komai ba, shi ya sa har yau nake gaishe shi da hannu biyu.

Uwata ba ta sha shayin ba. Tana nan a kujerar roba da mayafi a kafaɗa, ta ja layi a tsakiyar shafi. Ta ce, "Baba, na samu ɗakunan." Ɗaki na farko: ɗan gari ya fi alƙali sanin mutane, ya san hayaƙin kaba, ya san wanda ke zuwa gidan wa, amma wannan sanin shi ke ɗaure masa baki, don gobe zai haɗu da mai laifi a masallaci. Ɗaki na biyu: abin da doka ta tanada don ta kwance bakin, wato ƙuri'ar zaɓe da cire dangi, sannan mayafin da ke kan ƙwarya. Na ce gadajen fa? Ta ce duk sun shiga. Ta tashi ta ci tuwo kwano guda da rabi.

Sauran kwanakin ba ta ƙara kai da komo ba. Zama ta yi tana rubutawa tana sakewa, tana ɗaukar lokaci da agogon wayarta. Ranar tafiya na raka ta tasha. Motar na shirin tashi na leƙa taga na ce, don Allah, kada ta sa sunana a takardar gwamnati. Ta ce ba a sa suna, wani magidanci za ta ce.

Bayan wata ɗaya ta kira. Ina tsugune a tsakar gida da hatsi a tafin hannu, sai uwarta ta kara mini wayar a kunne. Sha biyu bisa ashirin. Ta wuce. Ta ce malamin ya kira ta ofis, ya ce ginin ya yi kyau, amma ya rage mata maki ɗaya don ba a kawo kaji cikin takardar shari'a. Da za ta fita kuma ya tsayar da ita, ya tambaya ko magidancin ya ɗaukaka ƙara.

Na ce ta gaya masa magidancin ya gaji, ba ya ɗaukaka komai. Na ce Allah ya yi mata albarka, ta ci abinci. Ina cikin faɗin haka ɗan zakaran ya gama hatsin, ya dubi tafin hannuna, ya sare ni a babban yatsa. Uwarta ta janye wayar ta ci gaba da magana da ƴarta, ni kuma na tashi na ɗauki fartanya.